Ni da Tsohuwa Mun Sa Bango a Gaba

Shekarun da muke zaune a Wheaton, can ƙasar Turawa, aikina kula da tsofaffi ne a gidajensu. Aka tura ni wurin wata tsohuwar Baturiya, doguwa, mara yawan magana, daga ita sai kyanwarta.

Ranar farko na gama wanke-wanke na leƙa ɗakinta, sai na same ta a ƙasa kan wani baƙin matashin zama, ta tanƙwashe ƙafa, ta sa bango a gaba. Na yi magana, shiru. Na ƙara, shiru. Yau na fara aiki, yau za a ce tsohuwa ta cika a hannuna? Na lallaɓa na kai yatsa ƙofar hancinta.

"Da raina," in ji ta, ko juyowa ba ta yi ba. "Ki zauna ko ki fita."

Da ta tashi ta yi min bayani. Zaman Zen ne, a Japan ta koyo shi tana budurwa. Na tambaye ta wa ake bauta wa a ciki, don ni da sallata. Ta ce nata zaman ba sujada ba roƙo. A miƙe baya, a bi numfashi, tunani in ya zo a bar shi ya wuce.

Na ce a raina, ai wannan hutu ne, kuma a lokacin aiki. Washegari na ɗauko matashin kujera na zauna gefenta.

Ashe zama wahala ne. Hancina ya fara ƙaiƙayi, sai kunne, sai tsakiyar baya inda hannu ba ya kaiwa. Kaina kuwa ya zama tasha. Na tuna ban fito da nama daga firiza ba. Na tuna wata baƙar magana da matar yayana ta faɗa min a wurin suna tun muna Kano, na zauna na tsara mata amsa mai zafi. Kyanwa ta zo ta haye cinyata. Da tsohuwa ta buga wata 'yar ƙararrawa alamar zama ya ƙare, na yunƙura zan tashi, ƙafa ta ce ba ta san zancen ba. Da rarrafe na kai kujera, wadda na zo kula da ita tana riƙe da hannuna.

Ban daina ba. Bayan wasu makonni, wata safiya hayaniyar kaina ta lafa na ɗan lokaci. Na ji ƙarar firiji, na ji iska na shiga tana fita, kafaɗuna suka sauko. Ban san a ɗage na daɗe ina yawo da su ba.

A gida abin ya bayyana. Na dawo da yamma na tarar autana ya kifar da manja a kan kafet. Shi da yayarsa suka tsaya suna jiran tsawa. Na ja numfashi, na sauke a hankali, na sake ja. Yaro ya fashe da kuka.

"Mama, don Allah ki yi faɗan kawai," in ji yayar da Turanci. "Wannan ya fi ban tsoro."

Babansu ya leƙo daga kicin, ya dubi kafet, ya dube ni.

"Maman yara, ko menene kika sha a wurin aikin nan, gobe ki taho min da shi."

Faɗan dai na yi shi, amma sai bayan mun ci tuwo, kuma a zaune.