Kazar Da Ba Ta Gudu Ba

Ƙanwata ta cika shekara saba'in da ɗaya a bana, kuma hamsin da biyu daga cikinsu ta yi su ne tana kiwon kaji iri ɗaya. A ƙauyenmu ba mai kiranta da sunanta. Mai Akurki ake ce mata, har a bakin jikokinta. Kajin nata gajerun ƙafa ne masu launin toka. Ba su da wani kyau, amma ban taɓa ganin kaji masu riƙon ƙwai kamarsu ba. Asalinsu kaza ɗaya ce da zakara ɗaya waɗanda mahaifiyarmu ta ba ta shekarar da ta yi aure. Mahaifiyarmu ba ta bar hoto ba, ba ta bar gona ba. Irin kajin nan shi ne abin da ya rage mana wanda hannunta ya taɓa.

Mijin ƙanwata ya rasu ya bar ta da yara huɗu, kuma da kajin nan ta raine su. Shekarar da cutar kaji ta share ƙauyen, ta kwashe nata a kwando ta koma bukkar gona ta zauna wata biyu, mutane suna cewa ta sami taɓin hankali. Da ta dawo, gidanta ne kaɗai zakara ke cara.

Tana da yadda take aikinta. Duk kazar da ta fara kwanci, sai ta ɗiga wa kowane ƙwai gawayi, sannan ta tako gidana in rubuta ranar. Ni ina da littafin da nake rubutu a ciki kullum tun ina makarantar mishan, inda ake sa mu rubuta yanayin sama kowace safiya kafin a fara darasi, da alƙalamin da ake tsomawa a tawada. Ban daina ba har yau. Takan ce, "Yaya, kaza ba ta karanta littafinka." Amma ba ta taɓa fashin zuwa ba.

Iskar ta zo ranar Talata, ƙarfe huɗu da minti goma na yamma, a farkon damina. Hadari ya haɗo daga gabas, jajawur a ƙasa, baƙi ƙirin a sama. Minti goma sha tara ta yi. Na ga kwanon rufin ɗakin maƙwabcina ya tashi gaba ɗaya da katakonsa ya wuce ta saman bishiya. Da ta lafa, na ɗauki sandata na nufi gidan ƙanwata, ina tsallake rassa da kwanuka.

Rufin ɗakinta ya tafi, na madafa ma haka. Amma ba can na same ta ba. Tana bayan gida tana ɗaga tubali da hannu. Katangar gabas ce ta faɗo wa akurki. Kajin tokan suna da hankali, da suka ga hadari sai suka shige ciki, hankalin nasu kuwa shi ya kashe su. Tara muka zaro, har da zakaran. Jajaye da baƙaƙen da take saya a kasuwa don yanka, waɗanda ba su san komawa gida ba, iska ta watsa su cikin daji da ransu.

Ba ta yi kuka ba. Ta jera su a gindin katanga, ta goge hannu, ta ce, "Zo ka ga wani abu."

A lungun madafa, bayan tsohuwar randa, kaza ɗaya mai launin toka tana kwance a gurbinta. Ba rufi a kanta, ruwa ya jiƙa ta sharkaf, ga guntun katako ya faɗo kusa da wutsiyarta. Ba ta motsa ba. Ƙwai goma sha ɗaya ne a ƙarƙashinta, kuma littafina ya nuna ranar ce ta goma sha shida. Saura kwana biyar. Ƙanwata ta jingina mata ƙyauren da ya ɓalle, ta ajiye mata ruwa da dusa. Duk irin mahaifiyarmu ya koma kaza ɗaya da ƙwai goma sha ɗaya.

Washegari babban ɗanta ya iso daga birni. Injiniya ake ce masa, saboda yana aikin haɗa famfon ruwa. Ba zan ci haƙƙinsa ba, ya zo da kwano, da ƙusa, da kafinta da ma'aikata biyu, da matarsa don ta taya girki. Amma ya zo da halinsa, na mutumin da ba ya tambaya.

Ranar Alhamis da safe ƙanwata ta tafi bakin rafi neman kajin da suka watse. Wajen ƙarfe goma sha ɗaya Injiniya ya ce ba za a ba masu aiki abinci gaya ba, a kama kaza. Jajaye biyu sun dawo gida, amma tun ranar iskar suka firgita, ko inuwar mutum suka gani sai su haye bishiya. Ya bi su ya gaji. Da ya leƙa madafa sai ya ga wata a kwance, ya miƙa hannu, ba ta gudu ba. Ta sare shi a yatsa, ta kumbura gashi, amma ba ta tashi ba. Matarsa ta ce masa, "Wannan fa kamar kwanci take yi." Ya ce, "Kaza ai kaza ce, ɗora ruwa."

Ni ma na ci. Wannan shi ne abin da har yau yake tsaya mini a wuya. Na zo duba aiki wajen ƙarfe ɗaya, aka miƙo mini shinkafa da miya, na zauna a kan turmi. Kafinta yana ta fama da cinya, ya ce, "Injiniya, wannan kazar taku ta yi zamani da kakanka ne? Ƙashi da fata kawai." Aka yi dariya, har da ni. Na yi shekara hamsin ina rubuta kwanakin kwanci, na san kaza mai kwanci ramewa take yi, amma kaina bai kawo ba.

Ƙarfe biyu ƙanwata ta shigo da kaji biyu a hannu, ƙafafunsu a ɗaure. Ta nufi madafa. Sai ta tsaya. Gashi mai launin toka ne zube a bakin kwata.

Ta saki kajin suka faɗi ƙasa. "Wa ya yanka?"

Kafinta ya ajiye ƙashin a hankali.

"Na ce wa ya yanka?"

"Ni ne, Inna," in ji Injiniya. "Ita kaɗai ta kamu. Sauran duk sun ƙi tsayawa."

"Ta kamu! Ka san abin da ya sa ta kamu? Iskar da ta ɗauke rufin gidan nan ba ta tashe ta ba. Ruwa ya dake ta ba ta tashi ba. Sai da na haifi ɗa na raine shi da ƙwan kakanninta, sannan aka sami mai tashinta!"

"Inna, ki yi haƙuri, gobe zan kawo miki guda biyar, farare manya, na gidan gona."

"Farare! Waɗanda ba su san kwanci ba, ba su san uwa ba, ba su san gida ba? Ka ajiye su a wurinka, kun dace." Ta juyo kaina, ta dubi kwanon da ke cinyata. "Har da kai, Yaya? Ka rubuta wannan ma a littafin. Ka sa ƙarfe nawa ka sha romon."

Na ajiye kwanon, na bi ta madafa. Ƙwan suna nan a gurbi, awa uku ba abin da ya rufe su. Na ce mata malaminmu na aikin gona ya koya mana cewa ƙwan da ya huce ya tafi ke nan. Ta ce, "Malaminku ya taɓa kwanci?" Ta sa surukarta ta kawo ruwa mai ɗumi a ƙwarya, ta gwada da gwiwar hannu, ta riƙa saka ƙwan ɗaya ɗaya. Muka sunkuya muna kallo. Na farko ya tsaya cik. Na biyu ya ɗan girgiza shi kaɗai, kamar an taɓa shi daga ciki. Bakwai suka motsa, huɗu ba su motsa ba.

Na zaga ƙauyen gida gida da sandata ina neman kaza mai kwanci da za a ara. Gida goma sha huɗu na shiga. Wasu kajinsu sun mutu, wasu sun watse, waɗanda suke kwanci kuwa duk sun bar gurbi tun ranar Talata. Da na dawo na tarar ta riga ta yanke shawara. Ta farke matashinta ta ciro auduga, ta naɗe ƙwai bakwai a tsohon ɗankwali, ta ɗaura su a cikinta, a kan fata, ta mayar da zani a kai. Ta zauna a kan tabarma ta jingina da bango.

Daga nan ba ta ƙara sunkuyawa ba, ba ta kwanta ba. A zaune take barci. Kafinta yana bisa kanta yana buga ƙusa, tana ɗaga murya tana cewa ya sassauta guduma akwai masu rai a ƙasa. Matan maƙwabta suka riƙa shigowa kallo. Wata ta ce, "Mai Akurki, cikin tsufa? Yaushe ne suna?" Ta ce, "Ranar Lahadi. Ki zo da dusa, ban son zani." Injiniya ya gaishe ta safe da yamma, ba ta amsa ko sau ɗaya ba.

Ranar Asabar da hantsi bayanta ya ƙi. Na same ta ƙafafu sun kumbura, tana cije leɓe. Na ce ta ba ni in riƙe. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Kai da ba ka da jini a jika? Su daskare?" Surukarta ta matso, ƙanwata ta ce mata ita ma a'a, ai ita ta faɗi gaskiya ba a ji ba. Sai ta ɗaga murya ta kira ɗanta, karo na farko tun ranar Alhamis: "Kai! Sauko daga tsanin nan."

Injiniya ya sauko.

"Tuɓe rigarka."

"Inna, ga mutane fa."

"Da ka yanka babu mutane? Ka ci uwarsu, sai ka zama uwarsu. Zauna."

Mutum mai shekara arba'in da tara, mai furfura a gemu, ya zauna a tabarma, ta ɗaura masa ɗankwali a tumbi ta rufe shi da zaninta. Kafinta ya leƙo ta inda ba a gama rufewa ba, ya ce, "Injiniya, a kawo maka dusa ko ruwa?" Ma'aikatan suka kusa faɗowa don dariya. Ni ban yi dariya ba, ita ma haka. Ta ce masa in ya yi tari ya dafe ciki, in ya fasa ɗaya kada ya sake taka gidan. Awa shida ya yi a wurin, gumi yana zuba, ita kuwa ta miƙe a gado ta yi barcin farko a kwance cikin kwana biyu. Da ta tashi ta karɓi kayanta ba tare da ta dube shi ba.

Ranar Lahadi, ƙarfe tara saura kwata na safe, surukarta ta zo da gudu ta kira ni. Na tarar ƙanwata ta kwance ɗankwalin a cinyarta. Ƙwai ɗaya ya huje, ga ɗan baki yana motsi. Kafin la'asar huɗu suka fito, jiƙaƙƙu, gajerun ƙafa. Na biyar ya huda ɓawo amma ya mutu a ciki. Biyu suka zama bara-gurbi. Ta sa huɗun a kwando kusa da kaskon garwashi, ta jiƙa musu dusa, ta riƙa ƙwanƙwasa ƙasa da farce don su koyi tsattsaga. Injiniya ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Inna, sun fito?" Ta ce wa surukarta, "Gaya wa mijinki huɗu ne. Da goma sha ɗaya ne."

Shirwa ta ɗauke ɗaya a mako na uku. Ukun da suka rage, biyu mata ne, ɗaya zakara. Ba don zakaran nan ba, da zancen ya ƙare.

Injiniya ya gina mata sabon akurki da bulo, nesa da katanga, ya ɗaure rufin da waya. Ta duba ta ce ƙofar ta yi faɗi. Yanzu tana amsa gaisuwarsa, amma ta kafa doka cewa ba zai ƙara riƙe wuƙa a gidanta ba, ko albasa ce. Ni kuwa wata bakwai ba ta tako gidana ba, kuma ban ga laifinta ba. Shekaranjiya da safe sai ga ta a bakin zaure, yatsunta baƙi da gawayi. Ba ta zauna ba. Ta ce, "Ƙaramar ta kwanta. Takwas ne. Rubuta, kuma in ka zo gidana ka ci abinci kafin ka fito."

Na ɗauko littafin na rubuta.