Ranar da Kakata Ta Ari Hancina

Abubuwa da yawa sun same ni a Makka na manta da su, amma ranar da na kai kakata jikin Ka'aba karo na ƙarshe tana nan daram a zuciyata.

Tun ina yaro a unguwar Jarwal ta Makka na san ta makauniya, kuma ban taɓa jin ta koka ba, don tana da hanyarta. In ta gama ɗawafi sai ta shafa rigar Ka'aba, ta kai tafin hannu hanci ta shaƙi turaren da ke jikin rigar. Daga nan addu'a ke ɓalle mata, da hawaye. Ni kuwa da neman tsokana, kullum sai na ce tsohuwar nan da hanci take ibada. Takan ce, "Maigida, kai mai idon me ka gani?"

Sai korona ta kwantar da ita. Ta tashi, amma ko albasa ba ta jin warinta. Mu dai murna muke ta rayu, ba wanda ya kawo komai a ransa.

Da aka cire shingen da aka kewaye Ka'aba da shi saboda korona, ta matsa sai na kai ta. Da hantsi muka je. Na riƙe ta, ina kutsawa da kafaɗa har hannunta ya taɓa rigar. Ta shafa, ta kai hanci. Ta sake shafawa, ta sake kaiwa.

"Ba nan ba ne," in ji ta. "Ka gaji da zahama da cunkoson mutane, ka kawo ni wani bango."

"Wallahi Kaka, ita ce."

Askari mai gadin wurin na ta cewa mu matsa. Sai ta ɗaga hannun ta lalubo fuskata. "To shaƙa mini. Kada ka yi mini ƙarya."

Na shaƙa. Ƙamshin na nan da ƙarfinsa, da ƙyar na iya gaya mata. Ta ce, "Na yarda da kai." Ta yi addu'a a gajarce, idonta a bushe. Muka koma gida, kuma ba ta sake cewa a kai ta ba har ta rasu.

Tun ranar na daina yi wa kowa dariya kan abin da yake kamawa ya kusanci Ubangijinsa. Ido da kunne da hanci duk aro ne, Mai su kuma ba ya sallama in zai karɓa.