Bindigar Kakan-kakan Orval

Mijina Orval Casselman mutumin kirki ne, amma idan ya kama zancen bindigarsa gara ka nemi kujera. Tana rataye a saman murhunmu na jin ɗumi a garinmu Morrisburg tun kafin in shigo gidan. A cewarsa kakan-kakansa ne ya riƙe ta a yaƙin gonar Crysler a 1813, ranar da aka fatattaki Amurkawa. Mai kawo wasiƙa ya sha labarin, fasto ya sha, jikokinmu kuwa har sun haddace. Ni ban da haƙuri me zan yi?

Bara sai kwamitin bikin tunawa da yaƙin ya ce Orval ne zai ja gaban fareti da bindigarsa. Kai, zo ka ga rawar jiki! Sharaɗi ɗaya ne, sai an duba kowace bindiga. Mai dubawar Delphine Gauthier ce, maƙwabciyarmu mai gyaran bindigogin mafarauta.

Ta ɗora ta a teburin cin abinci, ta jujjuya, ta ce, "Orval, ta ina ake ɗura wannan?"

"Ta baki mana! Ba ki ga sandar dannawa ba?"

Delphine ta ɗiga mai a wani gungumen ƙarfe da ke gaban kunamar, ta kankare tsohon fenti, ta taɓa shi da ƙaramar guduma. Sai ga abu ya buɗe ta gefe kamar murfin butar shayi. Orval ya ja da baya har ya taka min ƙafa.

"Kin karya min ita!"

"Haba dai. Ƙofarta ce. Da can ta baki ake ɗura ta, daga baya sojoji suka yanke bayanta suka sa mata wannan don harsashi ya shiga ta nan. Snider ake kiran irinta. Sa tabarau ka karanta nan."

Ya karanta. Kambin Sarauniya, a ƙasa kuma shekarar ƙira, 1862.

Na ce, "To, ashe kakan-kakan naka ya makara da shekara hamsin." Bai yi dariya ba, sai na ji kunyar bakina. Jan gaban fareti ya sha ruwa ke nan, kuma abin da ya fi cinsa shi ne me zai gaya wa jikoki.

Delphine ta ja 'yar ƙofar bindigar baya, wani kwanson harsashi da ya yi kore ya faɗo. Ta ce, "An dai yi aiki da ita. An goge cikinta don harbin tsuntsaye. Gindin ma an rage shi sosai. Mai gajeren hannu ne ya riƙe ta."

Orval ya kafa ta a kafaɗa, ta yi masa kaɗan. Ya miƙo min, ni da ko kantar kwanuka ba na kaiwa sai na taka kujera, ta zauna min daram. Ya bi mu da kallo, ni da bindigar.

Can ya ce, "Kaka Effie."

Uwar babansa ce, 'yar guntuwa. Mijinta ya nutse a kogi ya bar ta da yara bakwai. Kunnenta na dama ba ya ji, kowa na cewa zazzaɓi ne ya taɓa shi. Baban Orval kuma har ya mutu ba ya son ganin naman agwagwar daji, wai ya ci har ya gundure shi tun yana yaro. Ba wanda ya taɓa tambayar wa ke harbo agwagin, balle ya zargi ƙarar bindiga da kashe mata kunne.

Ranar fareti wani ne ya ja gaba. Orval yana bakin titi da jikoki, ko a jikinsa. Da muka koma gida ƙaramar cikinsu ta nuna saman murhu ta ce a ba su labarin sojan.

Ya sauko da bindigar, ya buɗe ƙofar, idonsa ya ciko. Ya ce, "Babu soja, 'yar nan. Zauna in ba ki labarin wadda ta ciyar da babana."