Ruwan Gishiri da Gwiwoyin Baba

Shekara uku mahaifina yana sallah a kan kujera. Gwiwoyinsa ne suka ƙi lanƙwasuwa, bayan shekarun da ya kwashe a durƙushe yana dashen albasa a fadamar Dandin Mahe. Da ciwon ya tsananta muka ɗauko shi ya dawo gidana a Bodinga. A masallacin unguwarmu akwai wata farar kujerar roba da ake ajiye masa a ƙarshen sahu, kuma ban san abin da ya tsana kamar kujerar nan ba. Malamai sun gaya masa sallarsa ta yi, shi ma ya san ta yi. Amma yakan ce abu ɗaya yake roƙon Allah, goshinsa ya sake taɓa ƙasa kafin a sa shi cikinta.

Likitan da muka gani a Sakkwato ya rubuta magani, sannan ya ce in da hali tsohon ya riƙa takawa cikin ruwa mai kai wa ƙirji, domin ruwa yana ɗauke wa gwiwa nauyin jiki. Ni na ɗauki maganar a irin shawarar da ake ba masu kuɗi. Ƙanena bai ɗauke ta haka ba, saboda aikinsa ke nan, shi ke kula da wurin ninkaya a wani otal a Abuja. Ƙarshen damina sai ga shi da magina. Suka haƙa bayan gida kusa da bishiyar darbejiya, suka gina kwami, taku huɗu a tsaye, uku a kwance, da matakala da ƙarfen dafawa. Ya kafa ɗan famfo mai aiki da sola, ya haɗa masa wata na'ura da ba ta fi tsawon hannuna ba.

Na'urar nan ce ta shiga raina. Ni malamin kimiyya ne a wata sakandare a Shagari, kuma tun ina yaro ba na iya ganin abu mai murfi ban buɗe ba. Ƙanena ya ce gishiri za a narka a ruwan. In ruwan ya bi ta tsakanin wasu faifan ƙarfe da ke cikinta, wutar lantarki sai ta mai da gishirin kulorin, maganin da ke kashe ƙwayoyin cuta, in ya gama aikinsa kuma ya koma gishiri. Na sa shi ya maimaita har sau uku don daɗin da abin ya yi mini. Ranar kasuwa da muka je sayen gishirin buhu-buhu, mai shagon ya bi mu da kallo ya ce, “Malam, jimar fata za ku yi, ko shanu kunka saye?”

Kafin ƙanena ya koma ya koya mini hidimar. Da safe in kwashe ganyen darbejiya da raga. In tsoma wata 'yar takardar gwajin gishiri in duba launin da ta juya. In faifan ƙarfen suka yi farin ƙanzo saboda ruwan rijiyarmu, in ciro su in jiƙa a ruwan tsamin da ya bar mini. Ruwan ya kwanta garau, kana hango ƙasan kwamin. Har akuyoyin gidan suka gane da shi, suna zuwa suna lasar siminti inda ya fantsama ya bushe.

Wanda aka yi dominsa ne kawai ya ƙi ko kallonsa. Ni ne ɗan farinsa, don haka bai taɓa kiran sunana ba, Malam yake ce mini, rabi girmamawa rabi tsokana.

“Malam,” in ji shi, “ni da gemuna in shiga kwami awa kwaɗo? Ruwa dai ruwa na. In da suna maganin gwiwa, da ba a ga masunci shina ɗingishi ba.”

Na yi bayanin nauyin jiki, na yi na likita, duk a banza. Kullum da hantsi sai ya ja sandarsa ya wuce kwamin ya nufi kusurwar gida, inda ya sa aka yi masa fangali huɗu ya yafa irin albasa. Noman da ya rage masa ke nan. Irin nasa ne, wanda ya ajiye da hannunsa, shi zai rene shi kwana arba'in sannan ɗan ƙaninsa ya zo daga Dandin Mahe ya ɗauka ya dasa. A kan kujera 'yar tsugunne yake zama yana cire ciyawa da yatsu biyu. Abin yana ba ni haushi, ga magani a bayansa ya juya masa ƙeya.

Zafin da ke biyo bayan damina ya shigo, ruwan kwamin ya riƙa raguwa, duk bayan kwana biyu sai na ƙara daga rijiya. A nan na tafka wautar da har yau nake jin kunyarta. Duk sanda na ƙara ruwa sai in ƙara gishiri, yadda mai ɗakina take yi in ta tsinka miya. Ni da nake tafasa ruwan gishiri a gwangwani gaban ɗalibai kowace shekara, ina nuna musu ruwa ya tashi gishiri ya zauna! Wata safiya na tarar na'urar ta kunna jar fitila ta tsaya. Na kira ƙanena. Ya yi dariya har da tari, sannan ya ce in kwashe sulusin ruwan in zubar, in cika da na rijiya.

Na jawo tiyo zan saka a kwata, sai na ji muryar Baba daga bayana.

“Mi za ka yi? Gidan ga ba a zubda ruwa ga kwata.”

Gaskiyarsa, haka muka tashi. A gidanmu ruwan alwala gindin lemo yake zuwa, ruwan wanke gero na dabbobi ne, ko na wanki sai an yayyafa shi a tsakar gida ya kwantar da ƙasa. Mutumin da ya yi shekaru yana jan guga ba ya iya kallon ruwa mai tsabta yana bin kwata.

“Kai ma albasa su,” ya ce. “Aƙalla kwamin naku shi yi amfani sau guda.”

Wani abu ya ɗarsu a raina. Na ɗanɗana ruwan, na ce ai bai kai miya gishiri ba. Kuma ɗan fari ba ya jayayya da uba a kan albasa. Na juya tiyon, fangali huɗun nan suka sha har suka ƙoshi.

Kwana biyu bakin ganyen ya yi ruwan ɗorawa. Rana ta uku duk suka kwanta, ƙasar kuma ta yi wani farin ɓawo a sama. Na dawo daga Shagari da la'asar na tarar da shi zaune a gabansu, bai ko ɗago ba. Raina ya ɓaci ƙwarai, don na san babu sauran irin, kuma na san laifina ne. Na durƙusa na gaya masa komai, har ƙarin gishirin da na riƙa yi. Na jira faɗa.

Bai yi faɗa ba. Ya dangwali farin ɓawon da yatsa ya kai harshe. Sannan ya fara tambaya, irin tambayar da na yi wa ƙanena. Ina gishirin yake ɓuya a ruwan da ke garau haka? Me ya sa akuya take lasa ba ta mutu ba, albasa ta mutu? Ya sa na buɗe masa na'urar ya leƙa faifan. Daga nan ya juya ya dubi kwamin sosai, karo na farko tun da aka gina shi.

“Ashe ruwan ga suna da ƙarhi,” ya ce. “Ruwan da sunka kashe fangali huɗu cikin kwana ukku ba ruwan banza ba na. Gobe bayan azahar ka kore matan gida ciki.”

Bakina ya buɗe zan ce masa ba gishirin ke gyara gwiwa ba, tafiyar ce. Sai na rufe. Sau ɗaya ke nan a rayuwata na ji bayanin da ba daidai ba na bar shi ya wuce, kuma ban yi nadama ba.

Ya shiga da wandonsa da singileti, hannu ɗaya a ƙarfe, ɗaya a hannuna. Ban tuna ranar da na taɓa riƙe hannunsa kafin wannan ba. Da ruwan ya kai masa ƙirji ya tsaya, ya ɗaga ƙafa ɗaya, ya sauke, ya ɗaga ɗayar, yana kallonsu ta cikin ruwan kamar na aro. Ranar taku goma ya yi. Da sanyi ya shigo muka riƙa rufe kwamin da baƙar tamfol don ya riƙe ɗumin rana, in sanyin ya yi yawa mu haƙura. A hankali hidimar ma ta koma hannunsa. Shi ke kwashe ganye, kuma yakan ɗanɗana ruwan ya ce gishiri ya yi ƙasa tun kafin takardata ta nuna. Ya sa aka haƙa rami can nesa da kowace shuka, nan kaɗai ya yarda a zubar da ruwan kwamin.

Cikin bazara, wata magariba, zafi ya sa aka shimfiɗa tabarmi a harabar masallaci. An ajiye masa kujerarsa kamar kullum. Da aka ta da iƙama sai ya sa sandarsa ya ture ta baya, ya tsaya kusa da ni a ƙarshen sahu, inda tabarmar ba ta kai gabansa ba. Liman ya yi ruku'u, ya ɗago, ya tafi sujada. Baba ya dafa ƙasa ya bi a hankali, ina jin numfashinsa. Mutane sun kusa ɗagowa kafin ya isa, amma ya isa. Tashi ne ya gagare shi, sauran sallar a zaune ya ƙarasa ta a ƙasa, yana sujada tare da kowa.

Bayan sallama na kama shi ya miƙe. A hasken fitilar masallaci na ga ƙasa ta manne masa a goshi. Na zaro hankici zan share masa, sai ya riƙe mini hannu.

“Bar ta nan, Malam,” ya ce. “Na daɗe ina biɗarta.”