Kwandon Sharar da Na Ƙi Taɓawa

Shekarun baya, a daminar da kogin Nilu ya cika har ya kwashe bulon mutanen unguwar Aljirif tun bai shiga wuta ba, ɗiyata ta samu aiki a wani ƙaramin kamfani a Bahri, can tsallaken kogi. Suna haɗa manhajar imel ne domin irinmu, dattawan da idonsu ya saba da baƙin Larabci da ajami. Ita aikinta fuskar abin: ina za a ajiye wannan maɓalli, wane hoto za a zana masa, yaya girman rubutu zai kasance. Ba a nemi shawarata ba aka mai da ni zakaran gwajin dafi. Ta sa mini manhajar a waya, ta sa wa abokan sallata na masallacinmu a unguwar Alsawra, nan Umdurman ta ƙasar Sudan.

Abin ya zo mini a kan gaɓa. Kakanmu ya baro ƙasar Katsina da niyyar hajji, a hanyar dawowa ya tsaya Umdurman, a nan ƙasa ta rufe shi. Ƙaninsa kuwa bai taɓa barin gida ba. A wannan shekarar ne Allah ya haɗa ni da jikan ƙanin nan. Ya girme ni, don haka Yaya nake ce masa, ko da yake ban taɓa ganinsa ido da ido ba. Kunnensa ya yi nauyi, magana ta waya ba ta yi masa. Sai ya rubuta wasiƙa da hannunsa cikin ajami, ɗansa ya ɗauki hotonta ya aiko mini. Ni ma in zauna da alƙalamina in mayar masa. Zumuncin da ya yanke tun zamanin kakanni, da wannan siririn zare muka ƙulla shi.

Su kuma abokaina na masallaci, da suka gane yadda ake aika hoto, sai suka buɗe mini wuta da gaisuwar Juma'a. Kowace da bisimilla a samanta, da aya, da salati. Ana nan wata rana wani jan rubutu ya fito a ƙasan wayar: akwatinka ya cika, share wasu saƙonni. Na duba abin sharewar. Hoton kwandon shara ne, har da murfinsa.

Na janye yatsana. Mu da aka tashe mu a kan cewa ko guntun takarda ka gani a hanya da sunan Allah, ka ɗauka ka kaɗe ka soke a bango, yau ni zan ɗauki aya in jefa a shara da hannuna? Na rufe wayar na ajiye. Ban faɗa wa ɗiyata ba. Kullum sai ta tsallako gada a gajiye, ta kira ni da sunan da ake kiran uba a nan, ta tambaye ni, "Yaba, aikin namu yana tafiya?" In ce mata lafiya lau. Ina ganin yadda fuskarta ke haske, ba zan iya rage mata shi ba.

Wasiƙun Yaya suka daina zuwa. Na ɗauka damina ce ta riƙe shi a gona. Ashe yana rubutawa, suna isowa bakin cikakken akwatina suna komawa. A wurin mutanenmu kuwa, a mayar wa mutum da takardarsa ba a buɗe ba, babu cin fuskar da ya fi wannan. Ɗansa ne ya kira ɗiyata ya ce tsohon ya ajiye alƙalami, ya ce in 'yan Sudan sun gaji da talakawan danginsu, ba sai sun koro takarda ba.

Ta same ni a rumfa ina shan gahawa. Ta karɓi wayar ta duba.

"Yaba! Tun yaushe wannan jan rubutun yake nan?"

"Ya kwana biyu."

"To ai sharewa za ka yi. Ga shi nan, taɓawa ɗaya."

"In zuba ayar Allah a shara?"

Ta yi dariya. "Ba shara ba ce ta gaske, wallahi. Hoto ne kawai."

"To ke da kika san ba shara ba ce, me ya sa kika zana shara?"

Dariyar ta tsaya. Ta zauna a gefen tabarmata, ta daɗe tana kallon ɗan kwandon. Can ta ce duk duniya da shi ake aiki, ita ma haka ta tarar. Na ce to duk duniya ba su yi karatu a gaban malaminmu ba. Sai ta tambaye ni, a hankali, yadda muke yi a makarantar allo idan mun haddace abin da aka rubuta mana. Na ce wankewa muke, a wuri mai tsarki, ruwan ma ba a zubar da shi inda ƙafa ke takawa.

A ranar ta ƙara mini wuri a akwatin, ta ce wannan maganin yau ne kawai. Washegari ta bi abokaina ɗaya bayan ɗaya. Yawancinsu akwatinsu ya kusa cika, kuma kowa ya yi shiru don kada a ce bai waye ba. A wurin aiki an ja da ita sosai, na ji labari. Daga baya dai ta zo mini da sabon zubi. Inda kwandon yake, yanzu ɗan allo ne da ɗigon ruwa a kansa, an rubuta "wanke" a ƙasa. In ka taɓa, sai ya tambaye ka ko ka tabbata, sannan rubutun ya dushe sannu a hankali. Gargaɗin cikar akwati kuma ta ɗauko shi daga ƙasa ta kai shi sama da manyan baƙaƙe, ta ƙara masa abin da na farkon bai faɗa ba: wasiƙun mutane za su koma musu.

Na yi bisimilla na wanke gaisuwar Juma'a ta farko. Sannan na bi sauran.

Har yau in na ga ƙaramin hoto a waya, nakan tuna akwai wanda ya zauna ya zaɓe shi, kuma bai san hannun wa zai faɗa ba. Ɗiyata ba ta ce mini tsohon yayi ba, ba ta kuma share mini a ɓoye ba, alhali tana iyawa. Ta zauna ta tambaya. Allah Ya yi mata albarka.

Saura Yaya. Na rubuta masa doguwar wasiƙa, na faɗa masa komai yadda ya faru, har da kwandon da murfinsa. Aka ɗauki lokaci shiru, ina duba waya bayan kowace salla. Sannan amsa ta zo, rubutun yana ɗan karkacewa. Ya ce da ya san saboda sunan Allah aka koro shi, da bai yi fushi ba, don shi ma bai taɓa yarda ya taɓa kwandon nan ba, sai dai yana zargin ɗansa na yi masa aika-aikar sharewa in ya fita masallaci. Amma ya ce kada in ɗauka na tsira: wasiƙun da suka koma yana nan da su, kuma kowace tana bina amsa.

Ya sake aiko su duka. Na bi su ɗaya bayan ɗaya, kowace da takardarta, da sallamarta, da gaisuwar iyali daga farko, ban haɗa biyu a amsa ɗaya ba. Da na aika ta ƙarshe, ya mayar mini da layi guda:

"Ƙanena, ka biya. Yanzu ni ake bi."