Ankon Yaye da Ya Iso a Makare

A shekarar da korona ta rufe duniya ina da shekara sittin da 'yan kai, tela ne ni a Unguwar Shanu, kuma ɗalibi. Kada mai karatu ya yi dariya tukuna. Aji biyu na yi a firamare na gudu saboda bulala, sai da gemuna ya yi fari na koma ajin yaƙi da jahilci da ake yi wa manya bayan La'asar. Wannan ma hannuna ne ya rubuta, in kun ga ya karkace ku yi haƙuri, ya fi sabawa da almakashi.

Ni ne sarkin tsokana a ajin. Abokin zamana a benci wani dattijo ne mai gyaran agogo daga Kurmin Mashi, ya girme ni, yana fama da ciwon suga. In ina son aron fensir Yaya nake ce masa, in ya rubuta harafi a juye in ce masa daƙiƙi, shi kuma ya ce da ni ɗan gudun bulala. Burinsa ɗaya ne. Yana so ranar yaye ya tsaya gaban jikokinsa ya karanta shafi guda da bakinsa, domin sun daɗe suna karanta masa saƙon waya suna ƙunshe dariya.

Malamarmu ta sa ranar yaye a farkon shekarar. Sai na miƙe na ce ba za a sallame mu kamar awaki ba, dole mu yi anko, yadda 'yan mata suke yi a biki. Tsofaffi suka kwashe da dariya, suka yarda. Na zaɓi wata shadda ruwan toka wadda ba ta isa kowa ba a kasuwa, mai shagon ya ce saura na hanya daga ƙasar Sin, ba za ta daɗe ba. Yaya ya ja ni gefe ya ce mu yi da kayan Juma'armu kawai, shi karatu ya zo yi ba angwanci ba. Na juya gaban aji na ce rigarsa ta Juma'a ta ga gwamnatoci fiye da shi, jikoki za su tsaya ƙirga faci su manta da karatun. Ya yi dariya, ya ɗaga hannu na gwada shi. Aka ɗage ranar har sai shaddar ta iso.

Rediyo ba ya mutuwa a shagona. Na fara jin an rufe wani gari a can Sin, na ce su da cin abin da ba a ci. Sai aka ce Turawa na mutuwa har an rasa gadon asibiti, na ce cutar masu jirgin sama ce, ina za ta ga tela. Aka daina buga ƙwallon da samari ke cika gidan kallo dominta. Waƙoƙin rediyo suka koma na wanke hannu. Ranar da wani maƙwabci ya nuna mini hoton Ka'aba a waya, fili fetal babu mai ɗawafi, ƙafata ta tsaya a kan keken ɗinki. Ban yi tsokana ba ranar. Bayan 'yan kwanaki aka rufe makarantu, aka kafa dokar kulle, titin da ba ya rabuwa da ƙarar Keke Napep ya zama ana jin kukan kaza daga layi na uku.

Muna waya da Yaya. Ya ce kullum da safe yana karanta wa agogunansa na bango shafin don kada ya manta, su dai ba sa dariya. Kullum kuma sai ya tambaya ko shadda ta iso. Da azumi ya kama, muna tarawihi a tsakar gida, labari ya riƙa zuwa daga Kano cewa dattawa na ta tafiya, ba a san dalili ba. A lokacin na fara jin tari a muryarsa. Na ce masa ƙarya yake, tsoron karatu ne ya kama shi. Ya ce in dai na gama ɗinkin in ga ko zai ji tsoro, amma maganar sai da ya yanka ta biyu kafin ta fita.

Wata safiya babban ɗansa ya buga mini ƙofa, da takunkumi a fuska da farin yadi a hannu. Da ganin yadin na san Yaya ya rasu. Har yau ba mu san abin da ya ɗauke shi ba, ba a yi gwaji ba. Na buɗe shago na haɗa likkafanin. Shi ne ɗinkin da na yi masa a shekarar yayenmu.

Shaddar ta iso bayan damina, bayan an yi Hajji babu alhazanmu. Babu wanda ya nemi a ɗinka. Aka yaye mu a kayan Juma'armu, kowa da takunkumi, benci a rarrabe. Jikokinsa sun zo karɓar takardarsa. Malama ta ce in karanta shafinsa, na karanta ina tuntuɓe, babu yaron da ya yi dariya, na kuwa so a ce sun yi.

Na san ajali ba ya jiran shadda, kwanansa ne ya ƙare. Amma ranar yaye tana hannunmu, ni na ɗaga ta don ado. Wanda duk yake da dattijo mai ɗan buri, ya taimaka a cika masa yau, da rigar da ke jikinsa. Rabon Yaya na shaddar yana nan a saman kanta a shagona. Masu ciniki kan taya, in ce musu yana da mai shi. Allah Ya jiƙansa.