Gurgun da Ya Zo Daga Ruga

Shan inna ta kama ni tun ban yi wayo ba, don haka ban taɓa sanin tafiya da ƙafa biyu ba. Lokacin da aka ba mu jihar Zamfara ina gyaran rediyo a wata rumfa kusa da tashar jirgin ƙasa ta Ƙaura. Da yake na taɓa boko, sai guragun garin suka sa ni magatakardan ƙungiyarmu.

Bayan an fara Shari'a, takarda ta zo mana cewa za a raba kekunan guragu daga kuɗin zakka, mu tattara sunayen mabuƙata na Ƙaura da Shinkafi da Zurmi. Kekunan ba su da yawa, kowa kuma yana so sunansa ya zo sama.

Wata rana da hantsi motar a-kori-kura ta sauke wani dattijon Bafillace a bakin rumfata. Ya jawo jikinsa da hannuwa har gabana, ya yi sallama. Hausarsa a karye take, amma na fahimce shi. Daga wata ruga kusa da Gurbin Ɓore ya zo. Bijimi ne ya kayar da shi shekarun baya, ƙugunsa ya lalace. Da 'yan'uwansa suka ga ba zai iya bin shanu ba, sai suka tafi kudu da garken, suka bar shi da matarsa. Yanzu igiya yake tuƙawa, matar ta kai kasuwar Zurmi. Ya ce idan ya samu keke zai riƙa kai kayansa da kansa, ya kuma riƙa samun sallar Juma'a.

Na ce masa, "Baffa, ka bari in gaya wa manya."

Da na kai maganar taronmu, shugabanmu ya yi dariya. Ya ce Bafillace ba ya rasa saniya, danginsa su sayar da maraƙi ɗaya su saya masa. Wani ya ce ai mutumin ba da gurguntar aka haife shi ba, bai san wahalar da muka sha ba. Wani kuma ya ce idan aka buɗe wa mutanen daji ƙofa, gobe za su cika mana layi. Takardar tana cikin aljihuna, na san babu inda ta ce Bahaushe kaɗai. Da na karanta musu ita da ƙarfi, da wataƙila sun ji kunya. Amma sunana ne na ƙarshe a jerin, don ina da tsohon keke, kuma na san idan aka sa shi ni za a cire. Sai na yi shiru.

Ya dawo bayan sati biyu, na ce masa ana dubawa. Ya sake dawowa da damina, rigarsa duk laka, ya kawo mini nono a ƙwarya. A ranar na ce masa an riga an aika da sunaye.

"Malam," ya ce, "a ruga sun ce ni gurgu ne, in zo wurin guragu. Nan kuma na ji an ce ni Bafillace ne. To, wa zan je wurinsa?"

Ban san wanda ya gaya masa abin da aka faɗa a taron ba. Na ce masa ya yi haƙuri, za a sake wani rabon. Ya ce Allah ya kai mu. Ya zauna a inuwar rumfar har azahar yana jiran motar Zurmi, ni kuwa na duƙufa kan wata rediyo da babu abin da ya same ta.

Kekuna suka zo, na samu sabo. Ɗaya ma ya yi saura, don mai shi ya rasu kafin rabo, shugabanmu ya ba wani ɗan'uwan matarsa da ke iya tafiya da sanda. Nan ma ban ce komai ba. Ba a sake wani rabon ba sai bayan shekaru.

Daga baya ni na zama shugaba. Yau a cikinmu akwai Fulani, akwai wata Bayarabiya da aka haifa a Ƙaura, kuma ana yaba mini a kan haka. Ba na jin daɗin yabon. Na taɓa zuwa Zurmi ɗaurin aure, na sa aka tura ni a keke zuwa wurin masu sayar da igiya a kasuwa, na yi ta kwatanta dattijon nan Bafillace. Wani tsoho ya gane shi. Ya ce matarsa ta rasu, shi kuma wasu dangi sun ɗauke shi a kan jaki sun yi wajen Galadi, tun kafin hanyoyin su lalace. Bai san ko yana raye ba.

Tsohon ya tambaye ni ko ɗan'uwana ne. Na ce a'a, ya taɓa zuwa wurina neman wani abu ne kawai. Ya ce in faɗi sunansa, ko a samu wanda ya san inda yake. Na yi ta tunani a tsakiyar kasuwar nan. Ya gaya mini sunansa ranar farko, na tabbata ya gaya mini, amma ban iya tunawa ba.